Georg Simon Ohm, Ɗan Maƙerin Da Ya Auna Turjiyar Lantarki

Duk mai gyaran rediyo ko mai ja wa gidaje wayar kuran ya san kalmar om, domin da ita yake auna turjiya. Turjiya ita ce tsayayyar da waya ko wani abu ke yi wa lantarki, yana rage masa gudu. Kalmar om kuwa sunan mutum ce, wani malamin makaranta na ƙasar Jamus da ya sha wuya kafin a yarda da iliminsa.

An haifi Georg Simon Ohm ran 16 ga watan Maris na shekara ta 1789 a garin Erlangen. Mahaifinsa maƙerin kwaɗo da makullai ne wanda ya koya wa kansa lissafi, shi ne kuma ya karantar da ƴaƴansa Georg da Martin a gida. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara goma. A 1805 ya shiga jami'ar garinsu, amma sai ya shagala da rawa da wasanni. Ran uban ya ɓaci, ya tura shi ƙasar Suwis a 1806, inda ya yi ta koyar da lissafi. Ya komo gida ya sami digirin dakta a 1811, sa'an nan a 1817 ya kama aikin malanta a wata makarantar sakandare ta birnin Kolon mai kayan gwaji masu kyau.

A can ne ya duƙufa kan binciken lantarki. Da hannunsa yake jan wayoyi masu tsawo da kauri iri iri, sana'ar da ya gada a maƙerar mahaifinsa. Baturan wancan zamani ƙarfinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, saboda haka a 1826 ya haɗa ƙarfe iri biyu, ya sa mahaɗa guda cikin tafasasshen ruwa, guda cikin ƙanƙara, ya sami kuran mai ƙarfi daidai. Ya gano cewa doguwar waya ta fi gajera turjiya, siririya ta fi kakkaura, kuma kowane ƙarfe da tasa turjiyar. Misalinsa kamar ruwa ne cikin tiyo: in tiyon ya yi tsawo ko ya tsuke, ruwan da ke fita sai ya ragu.

Ga ƙa'idar da ya fitar: in aka raba ƙarfin turi da turjiya, za a sami yawan kuran da ke wucewa. Ke nan, in aka sa bolt 220 a kan abu mai turjiyar om 110, amfa 2 za su wuce. Turjiya ce ke sa waya zafi. Shi ya sa dutsen guga ke ɗumi, shi ya sa kuma siririyar waya da aka ɗora wa kaya masu yawa kan jawo gobara.

A 1827 ya buga littafinsa a Barlin. Manyan masana na Jamus suka yi masa riƙon sakainar kashi, wasu don ya cika shi da lissafi. Ohm ya bar aikinsa na Kolon, ya zauna Barlin shekaru yana ƴar koyarwa da albashi kaɗan. Sai a 1833 ya sami aiki a makarantar fasaha ta Nuremberg.

Daga waje girmamawa ta fara zo masa. A Faransa, masani Claude Pouillet ya yi nasa gwaji ya iske ƙa'idar gaskiya ce. A 1841 ƙungiyar masana ta Landan, Royal Society, ta ba shi lambar girma ta Copley. Ya koma Munik a 1849, aka ba shi kujerar farfesa ta jami'ar birnin a 1852, abin da ya daɗe yana buri. Shekara biyu kawai ya yi a kanta, ya rasu ran 6 ga watan Yuli na 1854, yana da shekara 65.

A 1881 babban taron masana lantarki na duniya ya zauna a Paris, ya tabbatar da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya. Ana rubuta shi da harafin Girkanci Ω, alamar da ke jikin na'urar awo ta masu aikin lantarki.