Likita Mila na Zariya: Baturen da ya nemi sarakuna, ya ƙare da 'ya'yan da aka raina

Yau za mu duba rayuwar Walter Miller, wato Likita Mila, Baturen mishan da ya yi kusan shekara 50 a ƙasar Hausa. Labarinsa ya shafe mu, mu mutanen Damargu, domin Hausar da ya fara ji ta bi ta ƙofar gidanmu ne.

An haife shi a ƙasar Ingila a 1872, ya yi karatun likita a birnin Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya zauna a Tarabulus don koyon harshe. A wancan zamani ayarin fatake kan tashi daga Kano, ya biyo ta Damagaram, ya ratsa Damargu, ya wuce Agadas da Gat har Tarabulus. Saboda haka birnin ba ya rabuwa da fatake da maniyyata da bayi masu jin Hausa. A can ya haɗu da wani yaro ɗan Katsina mai suna Abdul Majid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar aikin hajji. Mila ya riƙe yaron, yaron kuma ya taimaka masa da Hausa.

A 1900 ya shigo tare da tawagar Bishop Tugwell, suka nufi Kano da niyyar shawo kan masu mulki. Sarkin Kano Alu bai ba su fuska ba, ya umarce su da su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu. Sai a 1905 Mila ya zauna daram a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Ba mu ɓoye wa kowa ba, abin da ya kawo shi shi ne yaɗa addinin Kirista. Sarakuna da malamai sun san haka, shi ya sa mafi yawansu suka hana shi 'ya'yansu. Waɗanda suka cika gidansa su ne marasa galihu: majinyatan da ba su da ko anini, marayu, da yaran da suka fito daga bauta.

A 1913 wasu mutane da ake kira Isawa suka zo wurinsa. Su almajiran wani Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Mabiyansa suka watse cikin ƙauyuka, ana ƙyamarsu, ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Mila ya karɓe su, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Sai dai ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa. Yaran da suka tsira suka ci gaba da karatu a makarantarsa.

Mila mutum ne mai kafiya da zafin baki. Ya yi ta sukar Turawan mulki a kan yadda suka bar talaka a hannun masu sarauta. Ya yi doguwar takun-saƙa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, shahararren mawallafin waƙoƙi, yana cikin masu kai ƙararsa. Daga baya Turawa suka tuɓe sarkin suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924. Wannan al'amari ya bar tabo a zukatan Zazzagawa da dama. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, ba da son ran Mila ba. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da ya fi kowa ɗaukar nauyinsa. Ya mutu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara 80, bai taɓa aure ba.

To, me ya rage? Burinsa na juya ƙasar Hausa bai cika ba, Musulmi suna nan a kan addininsu. Amma ku dubi waɗanda makarantar nan ta yaye. Dokta R.A.B. Dikko shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawan nan da aka ƙi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida ya haɗa hannu da Rupert East suka rubuta littafin Jiki Magayi. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Ashe gaskiyar Bahaushe ne, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

'Yan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, nan ne maganar ta zo kanmu. Daga kasuwar Falanko zuwa ta Tanut, wa ya fi mu ganin maraya mai dako, da almajiri mai jiran ragowar tuwo, da kuturun da ake jefa wa sadaka daga nesa? Baƙo ya taso daga ƙetaren teku ya ga amfanin irin waɗannan mutane, alhali Musulunci da Kiristanci duk sun ɗora mana kula da maraya da miskini. Mai ƙorafin cewa wasu na janye marasa galihu da magani da karatu, sai ya fara tambayar kansa abin da shi ya ba su. Ba sai mun gina asibiti ba. Yaro guda da za ka koya wa awo da lissafi a rumfarka, yarinya guda da za ki biya wa kuɗin littafi, ya isa mafari. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.