Abdulkarim Bajamushe: Rayuwar Heinrich Barth da Iyakar da Ya Tarar a Gazawa

A watan Janairu na shekarar 1851 wani Bature ya sauka a bayan garin Gazawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa, yana kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Mutanen ayarin sun san shi da suna Abdulkarim, amma sunansa na yanka Heinrich Barth. Shekarunsa ba su cika talatin ba, aljihunsa kusan babu komai, kuma yana jin Hausa gwargwadon yadda zai yi ciniki ya kuma yi tambaya. Abin da ya rubuta game da wannan yanki, wato ƙasar da a yau ta ƙunshi gundumomin Gazawa da Agye da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, yana daga cikin tsofaffin shaidun da ake da su a kan yadda dangantakar ƙasashe take a ƙasar Hausa kafin zuwan mulkin mallaka.

An haifi Barth a birnin Hambug na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Balin, inda ya zauna gaban malamai irin su Karl Ritter, masanin labarin ƙasa, da August Böckh, masanin harsuna da tarihin Girkawan da. A 1844 ya kammala digirinsa na uku a kan kasuwancin tsohon birnin Korinti. Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, ya inganta Larabcinsa, har ƴan fashi suka ji masa rauni a kusa da iyakar Masar. Waɗanda suka san shi sun bayyana shi da mutum mai tsananin himma, mai kaifin hadda, amma marar sakin fuska, kuma mai saurin jin an raina shi. Wannan hali ya bi shi har kabari.

A ƙarshen 1849 gwamnatin Ingila, lokacin Palmerston yana ministan harkokin waje, ta shirya tawaga zuwa tsakiyar Afirka a ƙarƙashin James Richardson. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasashen Sudan, da fatan cinikin kaya zai maye gurbin cinikin bayi. Jakadan Furusiya a Landan, Bunsen, shi ne ya ba da sunan Barth, aka kuma haɗa shi da wani Bajamushen, Adolf Overweg, masanin duwatsu. Suka bar Turabulus a watan Maris na 1850. Kusa da Gat Barth ya hau wani dutse shi kaɗai ya ɓata, ƙishirwa ta kusa kashe shi kafin wani Buzu ya tsince shi. A ƙasar Abzin aka tatse kayansu, amma a can ne kuma ya ga cewa Hausa ce harshen ciniki da mu'amala tun daga tsakiyar hamada, ya duƙufa a kanta. A watan Oktoba ya shiga Agadas ya ga naɗin Sarki Abdulƙadir. Da suka iso Damargu a farkon 1851 sai suka rabu: Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya bi ta Tasawa zuwa Maraɗi da Gobir, Barth kuma ya kama hanyar kudu.

Nan ne ya kamata mai karatu ya dakata, domin abin da Barth ya tarar a Gazawa iyaka ce ta haƙiƙa tsakanin ƙasashe biyu masu gaba da juna. Wajen 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun ci Birnin Katsina, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, daga bisani ya kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa su ma, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da kuma kayen da suka sha a yaƙin Gawakuke a 1836, sun kafa sabon mazauni a Tsibiri, dab da Maraɗi, a ƙasar da ke cikin gundumar Gidan Rumji a yau. Sarkinsu Mayaƙi yana kan gado lokacin da Turawan nan suka iso. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri sun haɗa kai suna kai hari kudu kusan kowane rani, Sakkwato da Katsina kuma suna ramawa. Barth ya bayyana Gazawa a matsayin garin da ya fi kowane kusa da bakin daga a ɓangaren Maraɗi, kewaye da shingen itatuwa da gwalalo, mutanensa kullum cikin shirin yaƙi. Daga nan zuwa Katsina kuwa daji ne wanda yaƙi ya kore mutanensa. A cikin dajin ya wuce ta kufan Ɗankama, inda Sarkin Katsina Magajin Haladu ya gamu da ajalinsa bayan an kore shi daga birni.

Abin lura shi ne, duk da wannan gaba, ayari yana wucewa. Harshe ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, kuɗin wuri ɗaya ake kashewa, gishirin Bilma yana sauka Kano, tufafin Kano suna hawa Agadas. Abzinawa, waɗanda kowane ɓangare yake bukatar gishirinsu, sun zama masu ɗaukar baƙo a ƙarƙashin amanarsu su ƙetare da shi. Da Barth ya isa Katsina sai Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki, yana neman kyauta mai tsoka, yana kuma nuna cewa baƙon da ya shigo ƙasarsa ba zai wuce ba sai da izninsa. Barth ya ji zafin abin, ya kuma rubuta shi da ɗaci. To amma wanda ya karanta da idon basira zai ga hukuma ce take amfani da ikonta a kan mashigarta, kamar yadda kowace hukuma take yi.

Ya shiga Kano a farkon Fabrairu, yana fama da zazzaɓi da bashi. Duk da haka ya zagaya birnin a kan doki, ya zana taswirarsa, ya rubuta sunayen unguwanni, ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000, adadin da yake ninkawa a lokacin ciniki. Richardson ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa, Overweg kuma ya rasu a gaɓar Tafkin Cadi a Satumbar 1852, nauyin tawagar duka ya dawo kan Barth. Tsakanin waɗannan mace-mace biyu ya je Yola, ya ga kogin Binuwai, ya shiga Bagarmi, ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, inda ya ga farautar bayi da idonsa. Wannan tafiya ta ƙarshe tabo ce a tarihinsa: manzon da aka aiko don a rage cinikin bayi ya bi sahun masu kamun bayi, bisa hujjar cewa ta haka ne kaɗai zai ga ƙasar. Ya bayyana ta'asar ba tare da ɓoye komai ba, amma bayyanawar ba ta ceci ko mutum ɗaya ba.

A 1852 Shehun Barno Umar ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki da Ingila. A farkon 1853 Barth ya sake ratsa ƙasar Hausa daga Damagaram zuwa Katsina, ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Abu biyu ya roƙa: takardar aminci ga fataken Ingila da dukiyarsu, da iznin wucewa zuwa Tumbuktu. Aka ba shi duka biyun. A wannan zama Barth ne mai roƙo, Sarkin Musulmi ne mai bayarwa, kuma ba a yi zancen miƙa ƙasa ko neman kariyar wata daula ba. A Gwandu Sarki Halilu bai yarda ya gan shi ba, amma a can ya sami kwafen Tarikhus Sudan, ya kwafi sassa masu yawa, wanda ta hanyarsa ne Turai ta fara sanin tarihin daular Songai. Ya yi kuskure ya jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman as-Sa'adi ne ya wallafa shi.

Ya shiga Tumbuktu a Satumbar 1853, bayan ya ɓoye addininsa a wani sashe na hanya. Da asirinsa ya tonu, mahukuntan Masina da ke Hamdallahi suka nemi a miƙa shi. Shehu Ahmad al-Bakka'i na gidan Kunta ya tsaya masa, ya rubuta wa Sarkin Masina hujjoji na shari'a a kan haƙƙin baƙon da aka ba amana, wanda ƙasarsa ba ta yaƙi da Musulmi. Shehun yana da nasa lissafin: yana ganin Faransa tana matsowa daga Aljeriya da Senegal, yana neman ƙawance da Ingila don ya sami madogara. Bayan Barth ya koma, Shehun ya aika manzanni har Turabulus a 1857, amma Ingila, wadda a lokacin take ɗasawa da Faransa tun yaƙin Kirimiya, ta sallame su daga can ba tare da sun ga Landan ba. Wannan ya ƙona wa Barth rai matuƙa, domin da bakinsa aka yi alkawarin.

Ya isa Landan a Satumbar 1855, bayan shekara biyar da rabi da tafiyar da ta haura kilomita 15,000, alhali an riga an ba da labarin mutuwarsa a Turai. Littafin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci. Bai sami kasuwa irin ta littafin Livingstone ba. Jama'a suna son labarin zakuna da na jarumtar Bature, shi kuwa ya cika shafukansa da jerin sarakuna, da hanyoyin fatake, da farashin kaya, da sunayen garuruwa.

Ga ɗaliban harshe, babban abin da ya bari shi ne tarin kalmomin harsunan tsakiyar Afirka da aka buga a Gota tsakanin 1862 da 1866, inda ya jera Hausa da Barbarci da Fillanci da Songai da Teda da Bagarmi da Wandala da Logone da Maba, yana kwatanta su. Rubutunsa na Hausa bai nuna karin sauti ba, bai kuma bambanta baƙaƙe masu ƙugiya yadda ake yi yanzu ba. Wannan sai a ƙarni na ashirin, musamman da ƙamusun Bargery na 1934. Akwai kuma gudummawar da bai yi da niyya ba. Ya tafi Turai da yara biyu da Overweg ya ƴanta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, kuma daga bakinsa ne J. F. Schön ya sami mafi yawan abin da ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Barth da Schön sun yi ta cacar baki a kan yaran, wasu masu fafutukar hana bauta a Ingila kuma suka yi masa zargin ya shigo da bayi, zargin da bai taɓa yafewa ba.

Sai bayan mutuwarsa ne iyakar Gazawa ta shiga teburin Turawa. A Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa ɓangaren Ingila. Daga nan tambayar ta zama: ina ikon Sakkwato ya tsaya? Faransa ta dage cewa Maraɗi da Gobir da Damagaram ba su taɓa bin Sakkwato ba, kuma a wannan tana da gaskiya, littafin Barth ma shaida ne. An sake layin a 1898, aka sake a 1904 da 1906 don Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, sannan Tilho da O'Shee suka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. A tsakanin haka rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa yankin a 1899 tana ƙone garuruwa.

Wannan tarihi yana da alaƙa da muhawarar da ake yi yau a kan iyakokin Afirka. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne Turawa sun ja layi da ka, suka raba ƴan uwa. A wurare da yawa haka ne. Amma masana irin su Camille Lefebvre sun nuna cewa tsakanin Maraɗi da Katsina layin ya bi tsohon dajin da yaƙin ƙarni na sha tara ya bari. Abin da mulkin mallaka ya sauya shi ne yanayin iyakar: faffaɗan daji mai mashigai, wanda amana da kyauta da sanayya suke buɗewa, ya koma siririn layi mai kwastan da takardu, da harshen hukuma daban a kowane gefe. An ga nauyin wannan sauyi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe hanyar Ɗan Isa da Jibiya wata da watanni, manyan motoci suka yi layi, farashin abinci ya hau a kasuwannin ɓangarorin biyu. A 1851 ana tsakiyar yaƙi, amma ayarin gishiri ya wuce da baƙonsa.

Barth bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ingila ta ba shi lambar girma amma ba ta sake ba shi aiki ba, ya koma Jamus cike da ƙorafi. Sai a 1863 Jami'ar Balin ta ba shi kujerar farfesa, ita ma ba cikakkiya ba. Ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Balin, ya yi wasu tafiye-tafiye a Turkiyya da ƙasashen Balkan. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, kafin a gama buga aikinsa na harsuna. Dorugu kuwa ya dawo gida, ya yi aikin tafinta shekaru masu yawa, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.