Tim Birkin: Ɗan tseren da ya mutu ba ko sisi, motarsa ta kai fam miliyan 5 a gwanjo

A watan Yunin 2012 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata tsohuwar mota ƙirar Bentley a Goodwood da ke kudancin Ingila a kan kuɗi sama da fam miliyan 5. Kafin wannan rana ba a taɓa sayar da motar da aka ƙera a Birtaniya da tsada irin haka a bainar jama'a ba. Motar ja ce, mai kujera ɗaya. Mutumin da ya sa aka ƙera ta, Sir Henry Birkin wanda aka fi sani da Tim, ya rasu shekara 79 kafin nan, bayan tsere ya cinye dukiyarsa.

An haifi Birkin a 1896 a Nottingham, a gidan attajirai da suka yi arziki da masaƙar leshi. Ya yi aikin sojan sama a Yaƙin Duniya na Farko, aka tura shi Falasɗinu, inda ya kamu da zazzaɓin cizon sauro wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya fara tsere a 1921, ya dakata, sannan ya koma a 1927, shekarar da ƙanensa Archie ya mutu yana atisayen tseren babur a tsibirin Man.

A lokacin gasar Le Mans a Faransa tana cikin gasanni masu daraja, inda mota ke gudu awa 24 ba tsayawa sai don shan mai da sauya direba. Birkin ya lashe ta a 1929 tare da Woolf Barnato cikin Bentley mai babban inji. Sai dai shi yana ganin makomar tsere na ga ƙaramin inji da aka ɗaura wa na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi, domin ya ƙona mai da yawa ya ƙara gudu. Wanda ya kafa kamfanin, W.O. Bentley, bai yarda da haka ba, yana ganin na'urar za ta gajiyar da injin. Birkin ya buɗe garejinsa a Welwyn Garden City, ya ɗauki ƙirar injiniya Amherst Villiers, aka samar da motar da ake kira Blower.

Tarihin motar tarihin kuɗin wasu ne. Da gadon leshi aka fara. Da ya yi ƙasa, sai Dorothy Paget, wadda mahaifiyarta ta fito daga gidan attajiran Whitney na Amurka, ta ɗauki nauyin garejin. Dokar Le Mans ta bukaci a ƙera mota 50 iri ɗaya kafin a shiga gasa, kuma Barnato ne ya ba da izinin hakan duk da adawar W.O. Bentley, domin tun 1926 shi ke riƙe da kamfanin da kuɗinsa. Kuɗin kuwa ya gada ne daga mahaifinsa Barney Barnato, wanda ya tara su a ramukan lu'ulu'u na Kimberley da na zinare a Afirka ta Kudu, inda baƙaƙen leburori ke kwana a sansanoni masu shinge. Tallan gwanjo ba kasafai yake waiwayar wannan ɓangare ba.

A filin tsere, hasashen W.O. Bentley ne ya tabbata. A Le Mans ta 1930 Birkin ya bi Mercedes ɗin Bajamushe Rudolf Caracciola da gudun da ya yayyaga masa taya, ya wuce shi, amma motarsa ba ta kai ƙarshe ba. Mercedes ɗin ma ta lalace, Barnato ya yi nasara da Bentley marar na'urar. Blower ba ta taɓa cin Le Mans ba. Mafi girman abin da ta yi a wannan shekara shi ne zuwa ta biyu a babbar gasar Faransa a garin Pau, inda Birkin ya kutsa da katuwar motarsa cikin ƙananan motocin Bugatti.

Karyewar tattalin arzikin duniya ta ƙarasa sauran. Paget ta janye mafi yawan tallafinta a ƙarshen 1930. A 1931 Barnato ya daina biya wa kamfanin bashi, Rolls-Royce ta saye shi a kan kimanin fam 125,000. A shekarar Birkin ya sake cin Le Mans, amma da motar Italiya, Alfa Romeo. Jar motar mai kujera ɗaya ce ta rage masa, kuma da ita ya kafa tarihi a filin Brooklands a Maris 1932, da gudun kusan kilomita 222 cikin awa guda, a kan siminti mai gargada da ke cilla mota sama.

A Mayun 1933 ya je gasar Tripoli a Libiya, wadda ke ƙarƙashin mulkin mallakar Italiya. Ya zo na uku da Maserati, amma ya ƙone a hannu a jikin salansa mai zafi. Ciwon ya ruɓe, zazzaɓinsa na da ya taso, a zamanin da maganin penisilin bai shiga asibitoci ba. Ya rasu a Landan ranar 22 ga Yuni, 1933, yana da shekara 36.

Motar ta bi hannaye da dama. An taɓa sauya mata jiki zuwa mai kujera biyu, daga baya aka mayar mata da siffarta ta asali, har ta shiga hannun shahararren maƙerin agogo George Daniels, wanda bayan rasuwarsa a 2011 aka kai ta gwanjo. A 2019 kamfanin Bentley, wanda yanzu mallakar Volkswagen ta Jamus ne, ya sanar da ƙera sababbin Blower guda 12 a kan ƙirar ɗaya daga motocin Birkin. Motar da mai kamfanin ya ƙi tun farko ita ce aka koma ana tallan sunansa da ita, masu cin ribar kuwa babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin Birkin.