Morihei Ueshiba: Tsohon ma'aikacin haraji da ya sauya wa faɗa suna

Duk zauren da ake koyon aikido, ko a Tokyo yake ko a Paris, ba a rasa hoton wani dattijo mai farin gemu rataye a bangon gaba. Ɗalibai ba su cika ambaton sunansa ba. O-Sensei suke kiransa, wato babban malami, domin a Japananci sensei shi ne malami, ainihin ma'anarsa kuwa wanda ya riga ka zuwa duniya. Dattijon shi ne Morihei Ueshiba, kuma wanda ya bi kalmomin da ake amfani da su a wannan zaure ɗaya bayan ɗaya, zai tarar da tarihin mutumin a cikinsu.

An haife shi ranar 14 ga Disamba, 1883, a garin Tanabe na lardin Wakayama, kudu da birnin Osaka. Mahaifinsa, Yoroku, manomi ne mai abin hannu, kuma ɗan majalisar gari. Yaron ya tashi da yawan laulayi, ya fi son zaman karatu, har sai da mahaifin ya tura shi kokawar sumo da iyo don jikinsa ya yi ƙwari. Da ya gama makarantar lissafi ya samu aiki a ofishin haraji na garinsu, amma bai daɗe ba ya ajiye, ya nufi Tokyo ya buɗe shagon kayan rubutu. Nan ma ba a yi nisa ba. Cutar beriberi, wadda ƙarancin wani sinadari a abinci ke kawowa, ta kwantar da shi, ya bar shagon ya koma gida. Daga nan sai aikin soja, inda da farko aka ƙi ɗaukarsa saboda gajarta, kafin a karɓe shi ya yi aiki a zamanin yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905.

A 1912 ya jagoranci wasu iyalai daga yankinsu zuwa tsibirin Hokkaido mai tsananin sanyi, suka sari daji suka zauna a Shirataki. A Hokkaido ne, a 1915, ya haɗu da Sokaku Takeda, wani malamin faɗa mai zafin rai da ke yawo gari-gari yana koyar da salon Daito-ryu. Ueshiba ya riga ya taɓa koyon jujutsu a wurare dabam-dabam, amma a hannun wannan mutum ya ga abin da bai taɓa gani ba: murɗa wuyan hannu, danne gwiwar hannu, da kayar da mutum ta hanyar amfani da ƙarfin da shi kansa ya zo da shi. Kalmar jutsu da ke ƙarshen irin waɗannan sunaye tana nufin dabara, kuma dabarar ta yaƙi ce tsantsa, manufarta ka tashi abokin gaba ya kwanta.

Ƙarshen 1919 saƙo ya iske shi cewa mahaifinsa na kwance rai a hannun Allah. Ya bar wa Takeda gidansa ya kama hanya, amma ya ratse ta garin Ayabe don ganin Onisaburo Deguchi, jagoran addinin Omoto. Kafin ya isa Tanabe mahaifin ya cika. A cikin shekarar 1920 kuma ya binne 'ya'yansa maza biyu. Mutumin da ya kwashe iyalinsa ya tare a Ayabe a wannan shekara mai ɗauke da baƙin ciki ne, kuma a hannun Deguchi ya samu harshen da ya riƙa bayyana fasaharsa da shi har ƙarshen rayuwarsa. Biyayyar da ya yi masa ta kai shi har ƙasar Mongoliya a 1924, tafiyar da ta ƙare da sojojin Sin sun kama su, sun ɗaure, saura ƙiris a harbe su jami'an jakadancin Japan suka sa baki.

Ya koma Tokyo a 1927 da goyon bayan Isamu Takeshita, babban hafsan sojan ruwa, a 1931 kuma ya buɗe zaurensa mai suna Kobukan. Irin wannan zaure dojo ake ce masa, wato wurin bin hanya. Waɗanda ke kwana a cikinsa su ne uchideshi, ɗaliban cikin gida, masu shara da wanki da ɗaukar wa malam jaka, kwatankwacin almajirin da aka damƙa wa malami amana. Horon ya yi tsanani har mutanen gari suka laƙaba wa wurin zauren jahannama. A waɗannan shekaru sunan fasahar ya zama aiki-budo, wato tafarkin mayaƙa.

Masu yabonsa sukan yi saurin wuce wannan zango, amma bai kamata a wuce ba. Ueshiba ya koyar a makarantun sojan ƙasa da na ruwa da na 'yan sandan soja, a daidai lokacin da Japan ke mamayar maƙwabtanta, kuma ya yi hulɗa da masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa. Wanda duniya ta sani daga baya da wa'azin zaman lafiya, shi ne dai ya horar da hafsoshin wancan yaƙi.

A 1942, ana tsakiyar yaƙin, ya miƙa wa ɗansa Kisshomaru zauren Tokyo, ya koma ƙauyen Iwama a lardin Ibaraki yana noma, ya kuma gina wurin bauta. A shekarar ce aka yi wa fasahar rajista da sunan aikido. Gaɓa uku ce: ai, haɗuwa ko daidaituwa; ki, ƙarfin rai da ke tafiya da numfashi; do, hanya. Biyun farko ba sababbi ba ne, tun a gidan Takeda ana amfani da su. Ƙarshen ne ya sauya, daga dabara zuwa hanya. Bayan yaƙi ya riƙa danganta wannan ai da wata kalmar mai lafazi iri ɗaya, rubutu daban, wadda ke nufin ƙauna. Ko nadama ce ta kai shi ga haka, ko koyarwar Omoto ce ta nuna a hankali, ko kuwa buƙatar tsira ce a ƙasar da Amurka ta mamaye ta kuma taƙaita wasannin yaƙi, masana tarihi ba su daina muhawara ba. A ganina babu ɗaya cikin ukun da ke kore sauran.

Abin da ba a musu a kai shi ne yadda sauyin ya zauna a bakin ɗalibai. A darasi ba a kiran kowa abokin gaba. Mai kai hari sunansa uke, wato mai karɓa, domin shi ne zai karɓi dabarar a jikinsa. Mai kayarwa kuma nage, kuma jim kaɗan sai su yi musanya. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ukemi, iya faɗuwa ba tare da rauni ba. Sai irimi, kutsawa cikin harin ta gefe, da tenkan, juyawa a bar harin ya wuce. Saɓanin kokawa da dambe da muka saba gani, a reshen da iyalinsa ke jagoranta babu gasa, babu kambu. Ɗalibinsa Kenji Tomiki da ya shigo da gasa, sai da ya kama nasa reshen.

Shi kansa dattijon bai iya sauƙaƙa magana ba. Darussansa cike suke da sunayen abubuwan bautar Shinto da sirrin sautuka, kuma da yawa cikin ɗalibansa sun amsa daga baya cewa ba su fahimci mafi yawan abin da yake faɗi ba. Kisshomaru ne, ƙarƙashin ƙungiyar Aikikai da gwamnati ta amince da ita a 1948, ya tsara manhaja ya daidaita sunayen dabaru, har baƙon da bai iya Japananci ba ya iya haddace su. Dabarar danne hannu ta farko, wadda kafin yaƙi ake kira ikkajo, ta koma ikkyo, koyarwa ta farko.

Ueshiba ya ziyarci Hawaii a 1961. Ciwon dajin hanta ya yi ajalinsa ranar 26 ga Afrilu, 1969, yana da shekara 85, matarsa Hatsu ta bi shi bayan wata biyu. Kisshomaru ya gaje shi da laƙabin doshu, mai riƙe da hanya, har zuwa rasuwarsa a 1999, sannan jikansa Moriteru ya karɓa. A makarantar Yoshinkan kuwa, wadda Gozo Shioda, ɗaya daga cikin ɗaliban zauren jahannama, ya kafa, har yau ikkajo suke cewa.