Arnold Kegel: Likitan da ya koya wa mata gyaran tsokar ƙasan ƙugu bayan haihuwa

An haifi Dakta Arnold Kegel a jihar Iowa ta Amurka a shekarar 1894. Ya taɓa riƙe muƙamin kwamishinan lafiya na birnin Chicago, daga baya ya koma Los Angeles, inda ya koyar da ilimin cututtukan mata a Jami'ar Kudancin California.

A can ya riƙa ganin matan da haihuwa ta raunana musu tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mahaifa da mafitsara da dubura. Wata fitsari na kufce mata in ta yi tari ko atishawa, wata kuma tana jin nauyi ko ƙullutu a gabanta saboda mahaifa ko mafitsara ta zazzago. A zamanin, tiyata aka fi dogara da ita.

Kegel ya ɗauki wannan tsoka kamar kowace tsoka: in aka horar da ita, za ta yi ƙarfi. Ba shi ya fara ba, domin tun a 1936 Margaret Morris ta bayyana irin wannan atisaye a Ingila. Gudummawarsa ita ce na'urar da ya ƙirƙira, wadda ke nuna wa mace ƙarfin matsewarta, da kuma sakamakon da ya wallafa a 1948.

Ya lura cewa mata da yawa ba sa gane tsokar in da baki kawai aka yi musu bayani. Wasu ma yunƙuri suke yi ƙasa, wanda ke ƙara dagula lamarin. Shi ya sa yake duba mace da kansa kafin ta ci gaba a gida.

Fiye da shekara 40 ke nan da rasuwarsa, amma har yau da sunansa ake kiran atisayen. Ana matse gaba da dubura kamar mai riƙe fitsari da tusa, a ja sama na 'yan daƙiƙoƙi, a saki, ba tare da riƙe numfashi ba. Ana buƙatar wata 3 zuwa 4 ana yi kullum. Ya fi amfani ga zazzagowar da ba ta yi tsanani ba. Wadda ta fito waje kan buƙaci zoben tallafi ko tiyata, haka ma yoyon fitsari na doguwar naƙuda maganinsa daban ne.

In kina jin waɗannan alamu, kada kunya ta hana ki zuwa asibiti a duba ki, a koya miki yadda ake yi daidai.