Felix d'Herelle: Mutumin Da Ya Gano Dodon Ƙwayoyin Cuta

Masu iya magana sun ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ashe ƙwayoyin cutar nan da ake kira bakteriya su ma suna da nasu dodo. Wanda ya fito da wannan fili shi ne Felix d'Herelle, Bafaranshe, wanda aka haifa a shekarar 1873.

Karatunsa na makaranta bai kai ga digiri ba, shi ya koya wa kansa ilimin ƙwayoyin cuta. Ya yi aiki a Gwatamala da Meziko, sannan ya koma Faris, ya shiga Cibiyar Pasteur.

A shekarar 1915 atuni ya ɓarke cikin sojojin Faransa, aka sa shi bincike. Yana renon ƙwayoyin cutar a faranti sai ya ga wasu 'yan wurare sun yi fes, kamar an share. Ya gane cewa wata ƙwaya ce da ta fi su ƙanƙanta take shiga cikinsu, ta hayayyafa, ta fasa su. Wani Baturen Ingila, Frederick Twort, shi ma ya ga haka a 1915, amma bai ci gaba ba. A 1917 d'Herelle ya ba da sanarwa, ya raɗa mata suna bakteriyofaj, wato maci-bakteriya.

A 1919 ya fara gwada ta a kan kaji. Kafin ya ba wani yaro mai atuni, sai da ya sha da kansa, kuma yaron ya warke. Daga baya ya yaƙi kwalara a Indiya.

To, da fenisilin ya yaɗu bayan 1940, sai Turai da Amurka suka juya wa aikinsa baya. Ya mutu a Faris a 1949, ba a damu da shi ba.

Amma fa rana ba ta ƙarya. Masu kiwon kifi sun daɗe suna zuba magunguna a abincin kifi, har ƙwayoyin cuta suka yi taurin kai. Wajen shekarar 2000 masana a Japan suka ba kifi bakteriyofaj, mace-mace suka ragu. Kyawunta shi ne kowace iri tana da bakteriyar da take ci, ba ruwanta da kifi ko mai cinsa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu raina abin da muka gani a faranti ranar darasin kimiyya.