Shehu Magili, Malamin da Ya Tsaya wa Ilmin Manɗiƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

'Yan'uwa matasa, kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu a aji ya tambaye mu ko gaskiya ne karatun manɗiƙi haramun ne. Wannan tambaya ba yau aka fara ta ba. Sama da shekara 500 da suka wuce manyan malamai biyu sun ja daga a kanta, ɗayansu kuwa ya zauna a Kano.

Sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, a ƙarni na 15 na Miladiyya. Ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahman as-Sa'alabi mai tafsiri, sannan ya gangaro kudu ya zauna a Tamanɗiɗ ta yankin Tuwat, inda ayarin fatake ke yada zango kafin su keta Sahara. Daga can ya biyo ta Ahir da Takadda, ya shiga Katsina da Kano. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya karɓe shi hannu bibbiyu, shi kuma ya rubuta masa Tajuddin, littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ya wuce Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu, amsoshin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da su bayan shekara kusan 300.

To, mu dawo ga manɗiƙi. Kalmar daga nuɗuƙi ta fito, wato furuci, kuma ilmi ne na auna hujja: yadda ake ɗora magana kan magana har a fitar da sakamako. Duk abin da ke sa maye haramun ne, giya tana sa maye, saboda haka giya haramun ce. Wannan shi ne ƙiyasi a wurin masu fannin, kuma asalin tsarinsa daga Aristo na Yunan yake.

Wannan asali shi ne ya dami Imam Jalaluddin as-Suyuɗi na Masar, wanda ya wallafa littafi yana haramta shagala da fannin. Da labari ya iske Magili, sai ya aika masa da baitoci. Abin da ya ce a taƙaice shi ne manɗiƙi hanya ce kawai ta bayyana gaskiya da tabbatar da ita, kuma da gaskiya ake gane mutane, ba a gane gaskiya da mutane, don haka ko daga bakin kafiri ta fito a ɗauka. Suyuɗi ya mayar masa da baitoci, ya kafa hujja da hanin da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Sayyidina Umar game da wani rubutu na Attaura. Abin da ya burge mu, ya rufe amsarsa da sallama da girmamawa. Ku gwada wannan da yadda muke musu a ƙofar masallaci bayan Isha'i.

A ganinmu Magili ya fi kusa da daidai. Amma rayuwarsa da kanta ta nuna inda manɗiƙi ke tsayawa, kuma ba za mu ɓoye wannan ba don muna ƙaunarsa. A Tuwat ya yi fatawa cewa Yahudawan garin sun warware alkawarin amana, kuma wajibi ne a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa. Aka rubuta wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka rabu. Shehu Sanusi, wanda shi ma gwanin manɗiƙi ne, ya goyi bayan Magili. Ƙarshenta aka rushe wurin, aka zubar da jini. Ƙiyasin kowane ɓangare a miƙe yake. Saɓanin yana cikin maganganun da aka ɗora ƙiyasin a kansu: shin an warware amanar, kuma me warwarewa take nufi? Manɗiƙi awo ne, yana gaya maka nauyin abin da ka ɗora, ba ya gaya maka ko tsaba ka ɗora ko tsakuwa.

Mu malaman Larabci mun saba da wannan matsala. Ku ɗauki kalmar ƙur'u da ta zo cikin ayar idda a Suratul Baƙara. Larabawa suna faɗinta ga haila, suna kuma faɗinta ga tsarki. Imam Malik ya tafi a kan tsarki, Imam Abu Hanifa a kan haila, kuma babu ƙiyasin da zai raba gardamar sai an koma ga lugga da ruwaya. Turawa ma sun ci karo da wannan bango. Ludwig Wittgenstein, mutumin Ostiriya, ya fitar da littafi a 1921 yana ƙoƙarin shata iyakar abin da harshe zai iya faɗa ta hanyar manɗiƙi. Daga baya shi da kansa ya warware da yawa daga cikin abin da ya gina, ya koma duba yadda mutane ke amfani da kalmomi a zancensu na yau da kullum.

Magili yana Gawo labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya koma can, kuma a can ya rasu wajen shekara ta 909 ta Hijira, wato 1503 zuwa 1504. Waƙensa na manɗiƙi, Minahul Wahhab, ya zama littafin karatu a Tambutu, har Ahmad Baba ya karanta shi wurin malaminsa Muhammadu Bagayogo, kuma Ahmad Baban ne ya adana mana baitocin malaman biyu cikin Nailul Ibtihaj. A Kano kuwa, Sharifai suna danganta nasabarsu gare shi, kuma shugabansu shi ake kira Sidi Fari.